Yadda na bi kadin kuɗin tiyatar ɗana bayan kamfanin inshora ya ƙi biya

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Gombe. Ni da matata da 'ya'yanmu huɗu muna cikin inshorar lafiya ta NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda har yau yawancinmu NHIS muke ce mata, duk da cewa dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta sauya sunan. A daminar 2025 aka yi wa ɗana mai shekara 14 aikin afendis na gaggawa. Na biya Naira 212,500 daga aljihuna, na nemi a mayar mini aka ƙi, sai bayan mako 14 na jeka-ka-dawo Naira 197,000 ta shigo asusuna. Rabin wannan lokacin ya tafi ne a kan rashin sanin ƙofar da ya kamata in fara ƙwanƙwasawa, shi ya sa zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki.

Sai an san yadda kuɗin ke tafiya kafin a gane dalilin da ake ƙin biya. Asibitin da ka zaɓa lokacin rajista, wanda katinka yake can, ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai duk wata, ka je ko ba ka je ba. Shekara da shekaru Naira 750 ne, daga baya aka yi ta ƙarawa har zuwa 2025 ya kusa ninkawa. Da wannan kuɗin yake duba ka a kan zazzaɓi, gudawa, awon ciki, haihuwar da ta zo da sauƙi da ƙananan gwaje-gwaje. Abin da ya wuce nan, kamar tiyata ko ganin ƙwararren likita, lissafinsa daban ne: asibitinka zai rubuta takardar turawa, a nemi lambar izini daga kamfanin HMO da aka haɗa ma'aikatarku da shi, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibitoci wajen ba da izini da biyan kuɗi, a yi aikin, sannan asibitin da ya yi aikin ya aika wa kamfanin takardar neman biya bisa jadawalin farashin hukumar. Ma'aikatan asibiti kod suke ce wa wannan lambar, kuma in babu ita kamfani ba ya biyan ko sisi. Kai mai kati, abin da ke kanka shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Ranar Juma'a ce bayan sallar isha'i. Yaron ya wuni yana cewa cikinsa, da dare ciwon ya tattaru a ƙasan cibiya ta dama, ga amai ga zazzaɓi. Asibitin da muke da kati ƙarami ne, ba shi da likitan tiyata da daddare, don haka kai tsaye muka wuce wani babban asibiti da ke karɓar katin inshora. Mun isa da misalin ƙarfe 9:30. Na nuna kati a wurin buɗe fayil, aka ce teburin inshora ya tashi tun ƙarfe huɗu, ba zai buɗe ba sai Litinin. Likita ya duba shi, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, ya ce ba za a jira gari ya waye ba. Mai karɓar kuɗi ya ce, "Alhaji, ka biya kawai, daga baya za su mayar maka." Wanda ɗansa ke murƙususu a kan gado ba ya tsayawa muhawara. Na biya 18,500 na gwajin jini da hoto, na biya 135,000 na aiki da kayansa, aka shiga da shi wajen ƙarfe 11 na dare.

Abin da ban sani ba a daren shi ne, a ƙa'idar hukumar ba a jiran kod kafin a fara yi wa mai kati aikin gaggawa. Ana fara aikin ne, sannan asibiti ya nemo lambar cikin awa 48. Kuma tun ranar 1 ga Afrilun 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su amsa buƙatar kod cikin awa ɗaya, ko su bayar ko su faɗi dalilin hanawa, in kuma suka yi shiru asibiti ya ci gaba da kula da majinyaci ya sanar da hukumar. Neman kod aikin asibiti ne, bayar da shi aikin kamfani ne, babu inda aka ɗora wa uban yaro. Amma tunda uban yaro ne zai kwana ciki in an yi sakaci, dole ya sa ido. Abu ɗaya na yi daidai, shi ma da shawarar wani abokin aiki: da safiyar Asabar na tura saƙon WhatsApp zuwa lambar kamfanin, na rubuta lambar katina, sunan yaron, asibitin da muke da aikin da aka yi. Ba a amsa ba, amma saƙon ya nuna ya shiga, da rana da lokaci. Na kuma roƙi shugabar nas-nas ta ɗakin, na ce, "Sista, don Allah a kira mai teburin inshora ko yana gida ne." Ta ce za ta yi.

Ranar Litinin mai teburin ya ce kod bai zo ba, mu ci gaba da biya. Aka sallame mu Talata. Kuɗin gado na kwana huɗu 12,000, maganin da muka saya a kantin asibiti 21,000, wanda muka sayo a kemis na waje 26,000.

Mako na gaba na tattara rasit na nufi ofishin kamfanin. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, da wakili ɗaya da kwamfuta. Ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni fom na cike, ya ce in kawo rasit na ainihi. Allah ya taimake ni na ce sai na yi fotokwafi, na sauka na yi, na ba shi kwafin na riƙe na ainihin, kuma daga baya na ga cewa da na saki na ainihin da magana ta ƙare a nan. Kuskuren da na yi shi ne na fito ba tare da wata shaidar sun karɓa ba. Babu hatimi, babu sa hannu, babu kwanan wata. Mako uku ina kira, kullum amsar ita ce takardun suna hedikwata. A ƙarshe ya kira ni ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba su amince ba." Na ce a ba ni a rubuce. Ya ce ai ba a saba ba. Na ce to a fara daga kaina. Sai da aka ƙara kwana shida kafin wasiƙar ta zo ta imel. Raina ya ɓaci ƙwarai a wannan makon, har na fara tunanin in bar wa Allah, domin kuɗin rance ne na ci a ƙungiyar adashen ofis kuma an riga an fara cira daga albashi.

Duk wanda aka hana, wannan wasiƙar ce abu na farko da zai nema. Maganar baki ba a ɗaukaka ƙara a kanta, yau a ce maka kaza gobe a ce ba haka aka faɗa ba. Tawa dalilai uku ta ƙunsa. Ba a karɓi kod cikin awa 48 ba. Babu takardar turawa daga asibitin da muke da kati. Na ukun shi ya ba ni mamaki: wai bayanan majinyacin ba su dace da na wanda ke cikin rajista ba. Da na koma ofishin ajiye fayil na asibitin sai na ga abin da ya faru. Yaron dogo ne, magatakardan dare bai tambayi shekaru ba, a gurbin shekaru ya rubuta cewa babba ne. Inshorar kuwa 'ya'yan da ba su kai 18 ba take ɗauka. Kalma ɗaya da aka rubuta cikin gaggawa ta fitar da yaro ɗan shekara 14 daga cikin tsarin.

Mako biyu na yi ina haɗa takardun da za su amsa dalilan nan ɗaya bayan ɗaya. Na fara da gyaran shekaru: na kai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, shugaban sashen fayil ya gyara, ya sa hannu a gefen gyaran da kwanan wata, na ɗauki kwafin shafin. Kada a yarda a goge da farin ruwa a rubuta sabo a kai, a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, domin fayil ɗin da aka goge zargi yake jawowa. Sai rahoton likita. Na rubuta buƙata zuwa ga shugaban asibitin, na biya 5,000, na jira kwana takwas. Rahoton farko da aka buga cewa kawai ya yi an yi wa yaron aikin afendis kuma ya warke. Wannan ba ya amfanar da komai. Na koma wurin likitan na ce, "Likita, abin da nake buƙata shi ne lokacin da muka iso, lokacin da aka shiga ɗakin tiyata, da kuma cewa jinkiri zai iya sa abin ya fashe." Ya duba fayil ya sake rubutawa, da kalmar gaggawa a ciki ƙarara. A kan wannan kalmar dalili na biyu ya rushe, domin ba a neman takardar turawa ga wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Duk da haka na je asibitinmu na karɓi gajeriyar wasiƙa da ke tabbatar da cewa sunan yaron yana cikin jerin da aka turo musu na wannan watan, wato an biya kuɗin kansa.

Dalili na farko shi ne mai wuya, kuma a teburin inshora na samo maganinsa. Na zauna da mai teburin na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa neman kod ɗin. Ya ce ƙwarai, Sista ta kira shi ranar Lahadi, ya tura buƙatar daga wayarsa. Ya buɗe imel ya nuna mini: Lahadi, ƙarfe 4:10 na yamma. An fara aiki ƙarfe 11 na daren Juma'a, awa 48 ba ta cika sai 11 na daren Lahadi, ke nan da sauran kusan awa bakwai. Ba a amsa masa ba, ya sake turawa ranar Litinin, kuma na Litinin ɗin kamfanin ya riƙe ya ce an makara. Na roƙe shi ya buga mini duka biyun. Ya ɗan yi jim, don yana tsoron kada abin ya dawo kansa, sai na nuna masa cewa takardar wanke shi take yi. Ya buga ya sa hatimin teburin. Na haɗa da hoton saƙona na ranar Asabar, da cikakken lissafin asibiti mai nuna kuɗin kowane abu daban, domin rasit mai cewa "kuɗin aiki" a dunƙule ba a iya auna shi da jadawalin farashi.

Wasiƙar ɗaukaka ƙarar shafi ɗaya ce. A sama lambar katina, sunan yaron da lambar wasiƙarsu. Sai dalilansu uku, kowanne da amsarsa a layi biyu da lambar takardar da ke tabbatar da ita. A ƙasa adadin kuɗin da nake nema da lambar asusu. Ban sa labarin wahalar da muka sha ba, ban sa zagi ko barazana ba, wanda zai karanta ta lissafi yake dubawa. Na yi kwafi huɗu: kamfani, asibiti, ofishin NHIA na jiha, da nawa. A wannan karon duk inda na miƙa sai an buga mini hatimin karɓa a kan kwafina, da suna da kwanan wata. Na ba kamfanin mako biyu. Mako biyu suka cika shiru.

Daga nan na koma ofishin NHIA na jiha a matsayin mai ƙorafi. Hukumar tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan komai don shigar da ƙorafi. Wata jami'a ce ta saurare ni. Ta karanta takardun tsaf, ta ba ni fom, ta rubuta ƙorafin a rajista ta ba ni lamba. Sannan ta ce, "Malam, ai tun ranar Litinin ɗin farko ya kamata ka zo, tun yaron yana kwance." Gaskiyarta. Ni na ɗauka sai kamfani ya gama da kai sannan ake zuwa wurinsu, ashe da na zo a lokacin, da waya ɗaya za ta iya fito da kod ɗin kafin a sallame mu, ba a kai ga maganar mayar da kuɗi ba.

Bayan kwana goma aka kira zama. Ni, wakilin kamfani, mai teburin inshora da wani akanta daga asibitin. Bai fi minti 40 ba. Maganar shekaru da ta takardar turawa ba a daɗe a kansu ba, takardu sun riga sun yi magana. A kan kod wakilin ya ce buƙatar ranar Lahadi ta tafi tsohon adireshin imel ne da suka daina amfani da shi. Jami'ar ta tambaye shi ranar da suka sanar da asibitoci sauyin a rubuce. Ya kira hedikwata, ba a samo takardar ba. Ta nuna masa saƙona na ranar Asabar, wanda ya shiga lambar da su da kansu suka bayar. Nan ya amince za su fitar da kod mai ɗauke da ranar da aka yi aikin.

A wurin ne kuma na gane cewa tun farko ba daga kamfanin ya kamata in nemi kuɗina ba. Asibitin da hukumar ta amince da shi bai kamata ya karɓi kuɗin aikin da inshora ta ɗauka daga hannun mai kati ba. Saboda haka asibiti ne zai mayar mini, shi kuma ya nemi nasa daga kamfanin da kod ɗin da aka fitar. Akantan ya yi ƙorafi cewa farashin jadawalin bai kai abin da suke caji ba, za su yi asara. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san yadda kayan aiki da magani suka yi tsada, kuma asibitoci sun daɗe suna kukan ƙarancin farashin da jinkirin biya. Amma jami'ar ta ce asibitin ya sa hannu a kan yarjejeniyar karɓar wannan farashin, gibin da ke tsakani ba a ɗora wa mai kati. Aka rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu, na karɓi kwafi. Kada a tashi daga irin wannan zama ba tare da wannan takardar ba, ita na riƙa nunawa a kowane tebur bayan nan.

Fitar kuɗi daga asibiti ta ɗauki mako uku. Na rubuta buƙata zuwa ga shugaban asibitin na haɗa da takardar zaman, fayil ya je wurin masu binciken kuɗi, daga nan ya wuce ofishin akanta. A nan aka karɓi rasit na ainihi, kuma aka ce sunan da ke kan asusun banki dole ya zama na mai katin. Sau biyu fayil ɗin ya kwanta a kan tebur, sau biyun teburin SERVICOM na asibitin, mai karɓar ƙorafin jama'a kan aikin ma'aikata, ne ya tayar da shi. An mayar da 135,000 na aiki, 18,500 na gwaji da 12,000 na gado cif-cif. Daga 21,000 na maganin kantin asibiti aka cire kashi 10 aka ba ni 18,900. Maganin waje ne ya rabu biyu. Na 14,000 yana cikin jerin magungunan hukumar, kuma mai kantin asibitin ya rubuta a bayan takardar likita cewa babu shi a ranar, ya sa hannu, don haka aka biya 12,600. Sauran 12,000 ya tafi: allura ce mai sunan kamfani da na zaɓa da kaina don an ce ta fi ƙarfi, alhali jerin hukumar da asalin sunan magani yake aiki, kuma mai kemis ɗin a kan yagaggiyar takarda ya rubuta mini kuɗin, babu suna babu hatimi. Kuɗin rahoton likita, fotokwafi da na Keke Napep, wajen 11,000, ba wanda ya mayar, ban ma nema ba.

Ba kowane hani ne ake cin nasara a kansa ba, kuma gara mutum ya tantance kafin ya ɓata takalminsa. Hanin da ya taso daga takarda, wato kod, kuskuren suna ko shekaru, ko rashin bayyana gaggawa, ana juya shi da takarda. Amma abin da tsarin ya ware tun farko, kamar tiyatar kwalliya, dashen sassan jiki irin su ƙoda, ko dashen ciki ga masu neman haihuwa, ko ka kai ƙorafi amsar ɗaya ce. Manyan hotuna irin su CT da MRI kuwa raba kuɗin ake yi da mai kati, don haka in an ce ka biya wani kaso ba zalunci ba ne. In sulhun ofishin jiha bai yi ba, dokar 2022 ta tanadi a kai ga masu yanke hukunci tsakanin ɓangarori, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofis a kowace jiha. Duk wannan bayanin na tsarin tarayya ne. Ma'aikacin jiha da ke ƙarƙashin GoHealth a Gombe, ko BASHCMA a Bauchi, hukumarsa ce ƙofarsa ta farko, kuma ya nemi kundin abin da tasu inshorar ta ɗauka, kada ya auna da namu.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne maganar iyali. Katin ma'aikaci yana ɗaukar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Amarya, ɗa na biyar, ɗan riƙo, ko mahaifiya, sai an yi musu rajista daban a matsayin ƙarin iyali an biya nasu kuɗin. Wasu kan kai yaron da ba ya cikin rajista da katin yayansa, kuma in aka gano, ba ma a maganar ɗaukaka ƙara, mai katin ne zai koma yana ba da haƙuri. Bayan an gama nawa na je asibitinmu na ce a nuna mini jerin sunayen watan, na bi sunan kowa da ranar haihuwarsa harafi-harafi. Na tarar an juya wa autarmu rana da wata, 3 ga watan 11 ya koma 11 ga watan 3. Na cike fom ɗin gyara a ofishin jiha a ranar, na haɗa da takardar haihuwarta, aka buga mini hatimi a kan kwafina.